Zinare, haske da nauyin da ba a gani: yadda ake awo da SPR da inda yake ruɗin mai awo

Yawancin hanyoyin gano sinadari a ɗakin gwaji suna dogara ne da wata alama da abin da ake nema yake da ita, ko wadda aka liƙa masa. Wani abin yana shanye haske, wani yana ƙyalli, wani kuma sai an ɗaura masa inzayim ko rini kafin a gan shi. Hanyar da ake kira SPR a taƙaice, wato surface plasmon resonance a Turance, ba ta buƙatar ko ɗaya. Ana barin molekul yadda yake, ya zo cikin ruwa ya manne a kan zinare, na'ura ta nuna mannewar tasa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Wannan ne ya sa masu haɗa magunguna da masu binciken furotin suka rungume ta. Sai dai na'urar ba ta san molekul ba, ba ta kuma iya bambance furotin da gishiri. Abu ɗaya tak take aunawa, wato yadda ruwan da ke dab da zinaren yake lanƙwasa haske. Duk wanda ya manta da haka, zai rubuta sakamako a kan ɗumin ɗaki yana zaton ya gano magani.

A cikin ƙarfe irin su zinare da azurfa akwai ilektiron da ba su ɗaure da wata ƙwayar zarra guda ba, suna yawo kamar ruwa a tafki. A iyakar da ƙarfen ya haɗu da ruwa ko iska, waɗannan ilektiron suna iya kaɗawa tare, su yi igiyar da ke tafiya a kan fatar ƙarfen. Ita ce ake kira filasmon na sama. Robert Wood ya ga alamarta tun 1902, a matsayin wasu layuka masu duhu da haske da ya kasa bayyanawa a hasken da ya dawo daga ƙarfe mai zane-zane. Rufus Ritchie ya yi lissafin samuwarta a 1957. A 1968 Andreas Otto, da kuma Erich Kretschmann tare da Heinz Raether, suka nuna yadda za a tayar da ita da haske ta amfani da gilashi mai kusurwa uku, wato firizim. Tsarin Kretschmann ne ke cikin yawancin na'urorin yau. Masu bincike a Jami'ar Linköping ta Suwidin, Liedberg da Nylander da Lundström, su ne suka nuna a 1983 cewa za a iya bin mannewar antibodi da wannan dabara, sannan kamfanin Pharmacia ya fito da na'urar Biacore ta farko kasuwa a 1990.

Dalilin firizim shi ne, hasken da ya faɗo kan zinare kai tsaye daga iska ba ya iya tayar da igiyar, domin takunsa a kan fatar ƙarfen bai kai nata ba. Idan ya biyo ta cikin gilashi ya faɗo a karkace, akwai kusurwa guda da takun biyu ke daidaituwa. A can ne ƙarfin hasken yake shigewa cikin igiyar, hasken da ke dawowa ya dushe kusan ƙurmus. Wannan duhu shi ake bi. Da lesa ja mai tsawon zango nanomita 633 da gilashin BK7, wanda lambar lanƙwasarsa, wato ma'aunin yadda yake lanƙwasa haske, take wajen 1.515, duhun yana bayyana kusa da digiri 44 idan iska ce a bayan zinaren, kusa da digiri 72 idan ruwa ne mai lamba 1.333. Gilashi mai nauyi irin SF10 yana sauko da kusurwar ruwa zuwa wajen digiri 57, abin da ke sauƙaƙa wa mai harhaɗa na'ura. Dole kuma a tace hasken ya zamo yana kaɗawa a fuskar da ake kira p, domin na fuskar s ba ya tayar da igiyar ko kaɗan. Wanda ya haɗa tsarinsa da hannu ya rasa duhun, abu na farko da zai duba ke nan, na biyu kuma kumfar iska a cikin man da ke haɗa fallen gilashi da firizim.

Kaurin zinaren ba abin wasa ba ne. Ana son wajen nanomita 50. Idan ya yi kauri hasken ba ya ratsawa sosai, duhun ya zama marar zurfi. Idan ya yi siriri igiyar tana mayar da ƙarfinta cikin gilashi da wuri, duhun ya baje har a kasa tantance tsakiyarsa. Zinare ba ya kama gilashi da kansa, saboda haka ake fara shimfiɗa kuromiyam ko taitaniyam na nanomita 1 zuwa 2, kuma idan aka zarce haka shi ma yana ɓata kaifin duhun. Azurfa ta fi zinare ba da duhu mai kaifi, amma tana dafewa cikin ruwan gishiri, don haka ba a cika ganinta a aikin yau da kullum ba.

Igiyar tana da wutsiya da ke shiga cikin ruwan, tana raguwa da sauri, ta kusa ƙarewa a nisan nanomita 200 zuwa 300 gwargwadon zangon hasken. Abin da ke cikin wannan ɗan tsaki kaɗai na'urar take ji. Furotin ya fi ruwa lanƙwasa haske, kowane giram a mililita yana ƙara wajen 0.18 zuwa 0.19 a lambar, kuma wannan adadi kusan ɗaya ne ga yawancin furotin. Shi ya sa ake iya fassara motsin kusurwa zuwa nauyi. A na'urorin Biacore ana ƙirga motsin da ma'aunin da ake kira RU: RU 1000 daidai yake da motsin wajen digiri 0.1, ko nanogiram 1 na furotin a kan murabba'in milimita. RU ɗaya ke nan pikogiram ɗaya ne, ko sauyin kashi ɗaya cikin miliyan a lambar lanƙwasa. Gajeren zangon wutsiyar yana da nasa sakamako: ƙwayar bakteriya mai faɗin mikromita ɗaya ko fiye ba ta shiga duka, ƙasanta kawai ake ji, shi ya sa gano bakteriya kai tsaye da SPR bai cika kaifi ba duk da girmanta.

To, ga inda wahalar take. Ruwa kansa yana sauya lambarsa da wajen 0.0001 a kowane digiri ɗaya na zafi, wato kusan RU 100. Wanda ke neman alamar RU 10 yana buƙatar zafin ya tsaya cak, kada ya motsa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri. Kashi 1 cikin ɗari na DMSO, wanda a cikinsa ake narkar da yawancin ƙananan magunguna, yana ba da wajen RU 1200. Ɗan bambancin gishiri tsakanin samfur da ruwan da ke gudana shi ma yana tsalle da layin da na'ura ke zanawa sama ko ƙasa. Ga na'urar duk waɗannan da mannewar gaskiya abu ɗaya ne.

Zaɓin da na'urar ba ta iya yi, fatar zinaren ce ke yinsa. Ana kafa wani molekul a kai wanda ke kama abin da ake nema shi kaɗai, mu kira shi tarko: antibodi, ko guntun DNA, ko furotin da magani ke nufa. A kan zinare tsirara ana fara jiƙa fallen a cikin sinadarin tayol, alal misali milimola 1 a cikin etanol na tsawon awa 12 zuwa 24, domin salfa tana kama zinare da ƙarfi, molekul ɗin su jeru da kansu su yi shimfiɗa ɗaya. Fallayen kasuwa irin CM5 suna zuwa da shimfiɗar dekstiran, wata doguwar sarƙar sukari, mai kaurin wajen nanomita 100, mai cike da rukunin kaboksil, kamar soso mai ɗaukar tarko da yawa.

Hanyar kafawa da aka fi bi ita ce ta amin. Ana haɗa sinadarai biyu masu buɗe guraben kaboksil domin su kama amin na tarko, EDC mola 0.4 da NHS mola 0.1, rabi da rabi, a tura minti 7 a gudun mikrolita 10 a minti. A haɗa su dab da turawa, domin EDC yana mutuwa cikin ruwa, kuma tsohon EDC da ya sha damshi shi ne sanadin yawancin kafawar da ta ƙi. Daga nan a tura tarkon, mikrogiram 10 zuwa 50 a mililita, cikin asetet milimola 10 mai pH tsakanin 4.0 da 5.5. Hikimar ita ce pH ɗin ya kasance ƙasa da inda cajin furotin ɗin yake sifili, sai ya ɗauki caji fozitif, dekstiran mai cajin kishiya ya janyo shi ciki ya tara shi. Gishiri mai yawa yana kashe wannan jan, don haka ba a narkar da tarko a cikin ruwan gishirin da aka saba. Ba a kuma yarda Tris ko wani abu mai amin ya shiga ba, domin zai cinye guraben da aka buɗe. A ƙarshe a rufe sauran guraben da etanolamin mola 1 mai pH 8.5, shi ma minti 7.

Aibin wannan hanya shi ne furotin yana mannewa ta duk inda ya samu, wani ta baya, wani ta bakin da ya kamata ya yi kamun. Ba abin mamaki ba ne a tarar rabin abin da aka kafa ba ya aiki. Idan tarkon mai laushi ne, ko ba ya jure tsami, gara a kama shi ta wata alama: bayotin a kan sitireptabidin, ko wutsiyar histidin a kan nikel, ko antibodi a kan furotin A. Na nikel yana zubewa sannu a hankali, layin tushe ya riƙa gangarowa, sai a sa wannan a lissafi.

Nawa za a kafa? Akwai lissafi mai sauƙi da ya kamata a yi kafin a taɓa na'ura. Mafi girman alamar da za a iya samu ita ce nauyin abin nema a raba da nauyin tarko, a ninka da RU ɗin da aka kafa, a ninka da yawan guraben kamu. Antibodi mai dalton 150,000 da aka kafa RU 500, yana kama antijen, wato abin da antibodi ke kamawa, mai dalton 30,000 a gurbi biyu, ba zai wuce RU 200 ba. Furotin mai dalton 50,000 da aka kafa har RU 5000, yana kama magani mai dalton 250, iyakarsa RU 25, in har duka yana raye. Idan alamar ta zarce wannan iyaka, ba sa'a aka yi ba. Samfurin ne ya dunƙule, ko yana mannewa barkatai.

Zanen da na'ura ke fitarwa, sensogiram, yana da ɓangare huɗu. Da farko bafa, wato ruwan gishiri mai riƙe pH, tana gudana ita kaɗai, layi a miƙe. Bafar da aka fi sani ita ce HEPES milimola 10 mai pH 7.4, da gishiri milimola 150, da EDTA milimola 3, da ɗan sabulun P20 kashi 0.005 zuwa 0.05 cikin ɗari domin hana mannewa a bututu. A tace ta da matacin mikromita 0.22, a cire mata iska, domin kumfa ɗaya tana harba layin dubban RU. Sai a tura samfur, layi ya hau. Sai a koma bafa, layi ya sauka yayin da abin ke sakin tarko. Sai a wanke saura da gilaisin milimola 10 mai pH tsakanin 1.5 da 3.0 na daƙiƙa 30 zuwa 60, ko wani abin da ya dace. A fara da mafi sauƙi. Idan layin tushe yana hawa daga zagaye zuwa zagaye, wankin bai isa ba. Idan layin tushe na nan amma alamar samfur iri ɗaya tana raguwa, wankin yana kashe tarkon.

Daga hawan ake fitar da saurin kamu, ka, daga saukar ake fitar da saurin saki, kd, sannan kd a raba da ka ya ba da KD, wato yawan da ke cika rabin guraben. Ana gwada yawa biyar ko fiye, daga kashi ɗaya cikin goma na KD zuwa ninkinsa goma, inda kashi 91 cikin ɗari na guraben ke cika. Wanda duk samfuransa suke ƙasa da KD zai sami layukan da ba su lanƙwashe ba, kwamfuta kuma za ta ba shi lamba duk da haka, lambar da ba ta da tushe. Haka ma saki mai jinkiri. Idan kd ya kai 0.0001 a daƙiƙa, rabin abin yana sauka ne cikin kusan awa biyu, kuma ana buƙatar fiye da minti 8 kafin a ga raguwar kashi 5 cikin ɗari, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi. Idan ya ninka haka jinkiri sau goma, sai an jira kusan awa ɗaya da rabi. Saki na minti biyar ba ya iya shaidar irin wannan lamba.

Maganin makantar na'urar shi ne ragi sau biyu. Samfurin yana bi ta magudana biyu, ɗaya mai tarko, ɗaya marar tarko wadda aka yi mata duk sauran matakan. A cire ta biyu daga ta farko, tsallen bafa da motsin zafi su tafi. Sannan a tura bafa zalla kamar samfur, a cire nata zanen shi ma, ƙananan bambance-bambancen magudanun biyu su tafi. David Myszka ne ya yaɗa wannan tsari, kuma shi da Rebecca Rich sun shafe shekaru suna bitar rahotannin SPR da ake wallafawa, suna nuna cewa kaso mai yawa ba su cika ƙa'idojin farko ba. Magudanar kwatanci mafi kyau ita ce wadda aka kafa mata furotin mai kama da tarko amma ba ya kamu, a adadi makusanci, domin magudana fayau ba ta da caji da cunkoso irin na mai tarko.

Da DMSO ko ragi biyun bai isa ba. Furotin da aka cusa RU 5000 ya cinye wuri a cikin dekstiran, don haka magudanar kwatanci tana ɗaukar DMSO fiye da mai tarko, ragin ya fito da saura. Kuskuren kashi 0.01 cikin ɗari kacal ya kai RU 12, rabin alamar misalin da ya gabata. Ana gyara wannan da jerin bafa huɗu zuwa takwas masu DMSO kaɗan sama da kaɗan ƙasa da na gudana, misali daga 4.5 zuwa 5.8 idan ana aiki da kashi 5, a zana layin gyara, a maimaita shi lokaci-lokaci cikin aikin. A rufe bakin samfura kuma, domin ruwa yana tashi ya bar DMSO ya yi yawa.

Wata matsalar da ba ta nuna kanta ita ce ta isar samfur. Ruwan da ke dab da fatar zinare kusan a tsaye yake, molekul sai ya ratsa shi da kansa. Idan tarko ya yi yawa kuma kamun na da sauri, duk wanda ya iso an cafke shi nan take, abin da ake aunawa ya zama saurin isowa maimakon saurin kamu. A lokacin saki ma wanda ya kuɓuce sai maƙwabci ya sake kama shi, kd ya fito ƙarami fiye da gaskiya. Alamarta hawa ne a miƙe kamar sanda a farkon turawa. Gwajinta mai sauƙi ne: a tura samfur ɗaya a gudun mikrolita 5, da 15, da 75 a minti. Idan hawan ya sauya da gudu, matsalar na nan. A rage tarko har iyakar alama ta sauko RU 50 ko ƙasa, a riƙe gudu daga 30 zuwa sama. Kusa da wannan akwai batun antibodi mai hannu biyu: idan shi aka tura a kan antijen da aka kafa, yana riƙewa da hannu biyu, sai ya zama kamar ya fi ƙarfinsa ninki ɗari ko fiye. A kafa antibodin, a tura antijen.

Abin sha'awa, wannan aibi yana zama alheri idan yawa ake son aunawa. A aikin gano adadi ana kafa tarko da yawa da gangan, domin a lokacin saurin hawan farko yana tafiya daidai da yawan abin da ke cikin samfur. Har akwai hanyar da ba ta buƙatar samfurin kwatanci: a tura a gudu biyu daban, a shigar da nauyin molekul da saurin yaɗuwarsa cikin ruwa, a fitar da yawan da ke iya kamu. Wannan ya bambanta da awon shanye haske a nanomita 280, wanda ke ƙirga furotin mai rai da matacce tare.

Ƙananan gurɓatattun abubuwa kamar aflatoksin B1 mai dalton 312 ko kuloramfenikol mai dalton 323 ba su da nauyin da za a gan su kai tsaye a ƙaramin adadi cikin madara ko zuma. Sai a juya tsarin. A kafa irin gubar a kan falle, a gauraya samfur da adadin antibodi sananne, a tura. Idan samfurin ba shi da guba, antibodi duka ya manne, alama ta yi sama. Idan da guba, ta riga ta toshe hannayensa, alama ta yi ƙasa. Nauyin antibodi ake gani, layin awo kuma yana gangarowa ne. Fallen irin wannan yana jure wanki mai zafi, har da soda milimola 50, ya yi ɗaruruwan zagaye, tunda ƙaramin molekul ba ya lalacewa kamar furotin. Ƙarancin antibodi a gaurayen yana ƙara kaifin awo amma yana rage alamar, sai an nemi tsakiya.

Samfur mai datti, musamman ruwan jini, shi ne inda SPR ya fi shan kaye. Ruwan jini na ɗauke da furotin miligiram 60 zuwa 80 a mililita, abin nema kuma wataƙila nanogiram ne. Ko ɗan kaɗan daga wancan ya manne, ya binne alamar. Ana sirka samfur ninki goma ko fiye, a ƙara gishiri zuwa milimola 300 ko 500, a zuba narkakken dekstiran mai kaboksil wajen miligiram 1 a mililita domin masu son mannewa su kama shi a cikin ruwa. Mafi inganci shi ne a biyo da antibodi na biyu bayan samfur ya wuce, a karanta alamarsa shi kaɗai. Ana iya ɗaura masa ƙwayar zinare domin ƙara nauyi, amma daga nan an bar fagen awo marar alama, an koma kusa da ELISA, gwajin faranti da ke amfani da antibodi mai ɗaure da inzayim.

A nan ne ya kamata mai awo ya yi wa kansa adalci. Idan tambayar ita ce nawa ne a cikin samfura ɗari biyar, ELISA ta fi araha, sau da yawa ta fi kaifi. Idan tambayar ita ce wane ne wannan molekul, SPR ba shi da amsa, sai na'urar auna nauyin molekul, shi ya sa wasu ke kwance abin da ya manne a kan falle su kai can. Inda ba shi da na biyu shi ne tambayar sauri: magunguna biyu masu KD ɗaya, ɗaya yana saki cikin daƙiƙa goma, ɗaya yana riƙe awa uku, kuma awon ƙarshe na faranti ba zai taɓa bambance su ba.

Akwai rassan da suka fito daga tushen. Mai ɗaukar hoto yana tsayar da kusurwa guda ya kalli ɗaruruwan ɗigo a falle ɗaya da kyamara, ya sayi yawa da ɗan ragin kaifi. Jorgenson da Yee sun nuna na zaren gilashi a 1993, wanda ake tsomawa cikin samfur a bi zangon haske maimakon kusurwa. Sai na ƙwayoyin zinare ƙanana, waɗanda ke shanye haske kusa da nanomita 520 ba tare da firizim ba. Wutsiyarsu gajera ce, nanomita goma zuwa talatin, don haka ba su cika jin zafi da tsallen bafa ba, amma tarkon da aka ɗora a kan doguwar shimfiɗa yana iya tura abin nema waje da inda suke ji.